Wasan Tsantseni da Hawa da Saukar Sa'a a Ƙananan Teburan Poka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa a bakin masu zama a ƙananan teburan poka na gidajen caca a Amurka da Ingila, musamman waɗanda suka karɓi shawarar nan ta a matse hannu a jira kati mai kyau, suka yi aiki da ita wata da watanni, amma aljihu bai shaida ba. Duk inda aka ce "mu ɗauka", adadin misali ne da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Alkaluman da suka shafi kati kuwa daga katunan 52 suka fito, kuma kowa yana iya sake lissafa su.

Wane wasa ake magana a kai, kuma wane tebur ne ƙarami?

Wasan shi ne Texas Hold'em marar iyaka. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke amfani da su: uku a tashi ɗaya, wato buɗin farko, sai na huɗu, sai na biyar. Ana zuba kuɗi kafin buɗin farko da kuma bayan kowane buɗi, kuma idan wani ya zuba, na bayansa ko dai ya janye, ko ya biya daidai abin da aka zuba, ko ya yi ƙari. Tarin tsakiya na wanda ya fi ƙarfin haɗin kati biyar ne, ko na wanda kowa ya janye ya bar masa. Rashin iyakar kuwa shi ne duk lokacin da magana ta zo kan mutum yana iya tura dukkan abin da ke gabansa.

Ana auna girman tebur da zubin dole, wato kuɗin da mutum biyu ke ajiyewa kafin su ga katinsu, nauyin da ke zagayawa daga kujera zuwa kujera. Ƙaramin tebur shi ne mai zubin dole na dala 1 da 2, ko 1 da 3, inda akasari ake zama da dala 100 zuwa 300. Irinsa ne ya fi yawa a ɗakunan poka na Las Vegas da Foxwoods a jihar Connecticut, kuma a Hippodrome da ke Landan ana samun takwaransa na fam 1 da 2. Teburan sun cika maƙil bayan 2003, shekarar da Chris Moneymaker, wani akanta daga Tennessee da ya samu gurbi ta ƙaramar gasar intanet, ya lashe babbar gasar duniya a Las Vegas ya tafi da dala miliyan 2.5. A teburin zahiri mai mutum tara, inda ɗan adam ke raba kati da hannu, ba a cika wuce rabawa 25 zuwa 30 a awa ɗaya ba, kuma kusan duk amsoshin da ke ƙasa suna komawa ga wannan jinkirin.

Tunda akwai gwaninta a ciki, shin poka ta fita daga caca?

Ba ta fita ba. Gwanintar tana nan: a 2012 wani alƙalin kotun tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yanke cewa gwaninta ta rinjayi sa'a a poka, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013 bisa hujjar cewa dokar da ake shari'a a kanta ba ta rataya ga wannan tambayar ba. Amma ma'aunin kotun Amurka daban, na addini daban. A Musulunci wasan da kowa ke zuba kuɗi mai nasara ya kwashe caca ne, an haramta ta a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma jihohin arewacin Najeriya masu aiki da shari'a suna hukunta mai yin ta. Lissafin wasan ma ba ya yi masa talla, domin saboda la'adar gida, wato kason da gidan caca ke cirewa daga kuɗin wasa (duba amsar da ke kan la'ada), jimillar mazauna tebur kullum asara suke yi, kuma masu ci a dogon zango 'yan tsiraru ne.

Mene ne wasan tsantseni?

Shi ne mutum ya riƙa janyewa daga mafi yawan hannayen da aka raba masa, wato katunan nan biyu na rufe, tun kafin buɗin farko, ya shiga da kashi 15 zuwa 20 cikin 100 kawai. Kati biyu daga cikin 52 suna iya haɗuwa ta hanya 1,326, waɗanda idan aka tattara masu daraja ɗaya sukan koma iri 169, kuma galibinsu ba su cancanci ko kwabo ba. Mai sakin hannu yana iya shiga da rabinsu, tunda wasa ya zo yi ba kallo ba.

Tsantsenin iri biyu ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin koke-koken da za a gani a ƙasa. Wani yana zaɓen hannu, idan ya shiga kuma da ƙari yake shiga, ya ci gaba da zuba kuɗi muddin yana ganin shi ne a gaba. Wani kuma yana zaɓen hannu, amma ko ya samu mai kyau sai ya biya kawai, yana fargabar kada tarin ya girma. Na farkon ake nufi idan ana yabon tsantseni. Na biyun tsoro ne kawai, kuma amsar da ke kan ko tsantseni yana rage hawa da sauka ta nuna abin da yake jawowa.

Me ya sa ake cewa tsantseni ne ya dace da ƙaramin tebur?

Babban dalilin shi ne halin abokan wasa. Mafi yawansu sun zo nishaɗi ne bayan aiki ko lokacin hutu, suna shiga da hannaye masu rauni kuma ba sa son janyewa da zarar sun shiga. Riba daga irin waɗannan ba ta buƙatar wata dabara mai zurfi: a riƙe katin da ya fi nasu, a sa su biya. A darajar kati A, wato as, shi ne babba, sai K, wato sarki, sai Q, sai J, sai masu lamba daga 10 zuwa 2. Wanda ya shiga da K da J ya haɗu da mai A da K, damarsa tun farko ba ta wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba, kuma idan sarki ya fito a tsakiya zai ɗauka alheri ne ya same shi, alhali a nan ne zai yi asararsa mafi girma. Mai tsantseni yana so ya zama shi ne mai A da K a irin wannan karon, ba ɗayan ba.

Sannan ƙarin dala 10 ko 12 ba ya korar kowa a waɗannan teburan, har akan ga mutum huɗu ko biyar sun kai buɗin farko. Gwargwadon yawan masu neman tari, gwargwadon ƙarfin katin da zai ci shi, don haka hannun tsaka-tsaki, wanda zai iya tsayawa da abokin karawa ɗaya, sai ya zama abin zubar da kuɗi.

Nawa la'adar gida take ci, kuma me ya haɗa ta da tsantseni?

A yawancin ɗakunan Amurka gida yana cire kashi 10 cikin 100 na kowane tari har zuwa iyakar dala 5 ko 6, wurare da yawa kuma suna ƙara cire dala 1 ko 2 don asusun kyaututtuka, ban da tukuicin dala 1 da al'ada ta ɗora wa wanda ya ci ya ba mai rabo. Mu ɗauka ana cire dala 4 daga tari 25 a kowace awa. Dala 100 ke nan suke barin teburin duk awa, kuma idan mutum tara suka zauna da dala 200 kowanne, cikin awa 8 gida ya kwashe dala 800 daga 1,800 ɗin da aka fara da su. Kafin mutum ya ci riba sai ya fi abokan wasansa da ratar da ta wuce kasonsa na wannan kuɗi.

Ƙananan tari ne suka fi jin jiki: tarin dala 40 yana rasa kashi 10 cikin 100, na dala 400 kuwa bai kai kashi 2 ba. Hannayen da ribarsu 'yar kaɗan ce, waɗanda ƙananan tari suke ci, la'ada tana mayar da su na asara, wanda ya janye kuwa bai biya gida komai ba. Ba ko'ina tsarin yake haka ba. Kulob-kulob na jihar Texas kuɗin zama suke karɓa bisa awa maimakon cirewa daga tari, don haka a can mai jira yana biya daidai da mai wasa, kuma matse hannu fiye da kima ya fi tsada.

Da waɗanne hannaye ake shiga?

Ya danganta da kujera. Wanda zai fara magana yana da mutum takwas a bayansa da bai san abin da suke riƙe ba, kuma bayan buɗi ma zai riga yawancinsu magana, don haka ya tsaya ga tagwaye (kati biyu masu daraja ɗaya) daga 7-7 zuwa A-A, da A-K da A-Q ko da wace alama, sai A-J da K-Q idan alamar da ke jikin katunan biyu ɗaya ce. Waɗannan 88 ne cikin 1,326, kusan kashi 7 cikin 100. Wanda ke kujerar ƙarshe, idan ba wanda ya yi ƙari kafinsa, yana iya buɗewa, wato ya zama mai ƙarin farko, da kashi 30 ko fiye, saboda mutum biyu kawai suka rage masa kuma zai ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara a duk matakan da suka biyo baya. Kashi 15 zuwa 20 ɗin da aka ambata matsakaici ne na kujerun gaba ɗaya, kuma mai amfani da jerin hannaye guda a kowace kujera ya saki hannu a farko, ya kuma matse fiye da kima a ƙarshe.

Biyan ƙarin wani yana buƙatar hannun da ya fi wanda za ka buɗe da shi da kanka, ƙa'idar da aka fi danganta wa marubucin poka David Sklansky. A ƙananan tebura tana da nauyi sosai, domin mutumin da ya yini yana biya kawai, idan ya yi ƙari a kan ƙarinka, da wuya a same shi da abin da ya gaza Q-Q ko A-K.

Nakan yi awa guda ban shiga ko sau ɗaya ba. Jiran bai yi tsada ba?

Jira yana da farashi, amma ƙarami ne kuma sananne. A teburin 1 da 2 mai mutum tara zubin dole dala 3 ne a kowane zagaye, kimanin dala 10 a awa idan ana rabawa sau 30. Tari ɗaya mai matsakaicin girma yana mayar da kuɗin jiran awa biyu ko uku. Mai shiga da kashi 15 cikin 100 yana da damar kusan ɗaya cikin biyar ya janye sau 10 a jere, da kusan kashi 4 cikin 100 ya janye sau 20 a jere, wanda ke nufin a zaman awa 8 akasari zai gamu da irin wannan farin. Awa guda cur kuwa takan zo kusan a zama ɗaya cikin huɗu ko biyar. Idan abin ya kai awa biyu kuma yana maimaituwa, to ba laifin kati ba ne, domin damar hakan ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba a kowane jeri. A sake duba hannayen da ake zubarwa a kujerun ƙarshe.

Me ake nufi da hawa da sauka, kuma yaya ake auna shi?

Shi ne nisan da sakamakon zahiri ke yi daga abin da gwanintar mutum ta cancanta. Ana buƙatar lamba biyu: matsakaiciyar ribar awa, da ma'aunin karkata, wato girman kaucewar da aka saba gani sama ko ƙasa da wannan matsakaici. Mu ɗauka gwani ne mai cin dala 10 a awa, karkatarsa kuma dala 100 a awa. A kimance, sakamako biyu cikin uku suna faɗawa cikin karkata ɗaya daga matsakaici, 19 cikin 20 kuma cikin karkata biyu. Muhimmin abu shi ne lambobin biyu ba sa girma tare: idan awoyi suka ninka sau huɗu, ribar da ake tsammani ta ninka sau huɗu, karkata kuwa sau biyu kawai.

A zaman awa 8 wannan gwanin yana tsammanin dala 80, amma karkatarsa dala 283 ce, don haka kusan zama huɗu cikin goma da asara zai tashi, kuma cikin zama 100 ya fi kusa ya gamu da asara huɗu a jere fiye da ya tsallake. Bayan awa 100 yana tsammanin dala 1,000 da karkatar dala 1,000, wato har yanzu sau ɗaya cikin shida yana ƙasa da inda ya fara. Sai a awa 400, inda tsammani ya kai 4,000 karkata kuma 2,000, damar zama cikin asara take sauka zuwa kusan kashi 2 cikin 100. Ga mai zuwa awa 10 a mako, awa 400 ɗin nan wata tara ne da ɗoriya.

Shin tsantseni yana rage hawa da sauka?

Yana rage shi kaɗan, tunda wanda bai shiga tari ba ba zai yi asara a cikinsa ba. Amma ba zai kawar da shi ba, domin tarin da mai tsantseni ke shiga su ne manya, kuma sakamakon watansa gaba ɗaya yakan rataya ga karo biyar ko shida da aka tura komai a tsakiya. Abin da yake canzawa shi ne kamannin sakamakon: zama da yawa na ɗan ci ko 'yar asara, sai jefi-jefi babban ci ko babbar faɗuwa. Amfanin tsantseni na gaskiya shi ne ɗaga riba ta hanyar daina zubar da kuɗi a kan hannaye marasa kyau. Wanda ya ɗauke shi a matsayin inshora daga mummunan mako ya nemi abin da ba ya cikinsa.

Akwai ma inda ƙara matsewa ke tsawaita wahala, kuma wannan ne mutane suka fi kasa gani. Abin da ke ƙayyade tsawon lokacin da mutum zai iya yi cikin asara ba girman karkata ba ne shi kaɗai, a'a, girmanta ne idan aka kwatanta da riba. Mu ɗauka gwanin da ke sama ya tsorata, ya daina buɗewa daga kujerun ƙarshe, ya daina zuba kuɗi karo na uku don a biya shi idan yana da hannu mai kyau, har karkatarsa ta sauka daga dala 100 zuwa 80, ribarsa kuma daga 10 zuwa 4. Zamansa na kullum zai fi natsuwa, amma awoyin da yake buƙata kafin damar asara ta sauka zuwa kashi 2 cikin 100 sun tashi daga 400 zuwa 1,600. Ya sayi kwanciyar hankalin dare ɗaya da ƙarin shekara biyu na rashin tabbas, kuma kamar yadda amsar da ke kan jari ta nuna, haɗarin karyewarsa ma ya ƙaru.

An karya mini A-A sau uku a mako ɗaya. Akwai maguɗi ne?

A ɗakin da ke da lasisi da wuya ƙwarai, domin gida la'adarsa yake ci ko wa ya yi nasara, ga kyamarori a kan kowane tebur. Wasan da ake shiryawa a ɓoye a gidajen mutane kuwa maganarsa daban. Lissafi ya isa ya bayyana abin. A-A yana zuwa sau ɗaya cikin rabawa 221, wato duk awa bakwai da wani abu, shi ya sa kowace faɗuwarsa take zama a rai. Yana cin K-K kusan kashi 82 cikin 100, amma wanda ya tura komai sau huɗu da wannan rinjayen, damar ya faɗi aƙalla sau ɗaya kusan kashi 55 ce. Idan kuma mutum huɗu suka biyo shi har ƙarshe da ko wane irin kati, rinjayensa yana sauka zuwa kusan kashi 56.

Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe kuɗin suka shiga. Idan kafin buɗin farko ne, babu abin gyarawa. Idan kuwa bayan kati na huɗu ko na biyar ne, lokacin da wani mai sanyin wasa ya yi babban ƙari, to tagwaye ɗaya tak kake riƙe da su komai kyansu, kuma dogon jiran da ka yi ne ya hana ka sakin su. Haka abin yake ga sauran manyan tagwaye: mai K-K zai ga as a buɗin farko kusan kashi 23 cikin 100, mai J-J kuma zai ga katin da ya fi nasa kusan kashi 57.

Me ya sa mai shiga kowane hannu ne kullum ke da tarin kuɗi a gabansa?

Saboda karkatarsa babba ce, kuma ido tarin da ke kan tebur yake gani, ba ya ganin sau nawa aka koma aljihu. Mu ɗauka yana asarar dala 10 a awa da karkatar dala 200. A zaman awa 8 zai tashi da riba kusan sau 44 cikin 100, kuma ko bayan awa 100 yana da damar kusan ɗaya cikin uku ya kasance a sama. A dare ɗaya, lallai sa'a ta fi sammako. Wannan kuma shi ne abin da ke riƙe da wasan: a dara, wanda aka fi ƙwarewa yakan gane matsayinsa cikin 'yan kwanaki ya daina karawa da gwani, amma a poka marar gwaninta yana samun daren nasara da yawa da za su sa ya dawo. Ribar mai tsantseni daga wannan dawowar take fitowa.

Awa nawa zan yi kafin in san ko ni mai ci ne?

Fiye da yadda kowa ke so. Da karkatar dala 100 a awa, wanda littafinsa ya nuna ribar dala 10 a awa bayan awa 100, ainihin matsayinsa yana iya kasancewa ko'ina daga asarar dala 10 zuwa ribar dala 30. Bayan awa 900 tazarar takan tsuke zuwa tsakanin kusan dala 3 da 17. Mai zuwa awa 10 a mako yana ganin rabawa kusan 15,000 a shekara, abin da mai tebur huɗu a intanet zai gani cikin awa 50 zuwa 60. Lokacin da masana na jami'ar Carnegie Mellon suka gwada manhajarsu Claudico da ƙwararrun 'yan wasa a 2015, an yi rabawa 80,000, mutanen suka kasance a gaba, amma masanan suka ce ratar ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2017 sai suka tsara rabawa 120,000 ga sabuwar manhajarsu Libratus a gidan caca na Rivers da ke Pittsburgh, inda manhajar ta yi nasara bayyananniya. A teburin zahiri wannan adadin awa 4,000 ne, kusan shekara takwas ga mai awa 10 a mako.

Tunda sakamako yana jinkirin magana, sai a auna shawarwari. A rubuta kowane zama ba tare da tsallake na asara ba: awoyi, abin da aka shiga da shi, abin da aka ƙara, abin da aka fita da shi, da tukuici da kuɗin mota. A kuma rubuta manyan tari biyu ko uku na kowane dare, a duba daga baya ko kuɗin sun shiga ne ana gaba ko ana baya. A ganina mafi yawan masu kukan mummunar sa'a da suka wuce awa 500 cikin asara ba sa'a ce matsalarsu ba.

Jari nawa ake buƙata?

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ninki 20 zuwa 30 na kuɗin zama, wato dala 4,000 zuwa 6,000 ga mai zama da 200. Lissafin haɗarin karyewa yana nuna dalili. Mai cin dala 10 a awa da karkatar 100, idan jarinsa dala 1,000 ne, damar ya ƙare tas kusan kashi 14 cikin 100 ce. Da dala 2,000 kuwa ba ta kai kashi 2 ba. Idan ribarsa ta gaskiya dala 5 ce, sai ya tanadi 4,000 kafin ya samu wannan amincin. Matsoracin nan mai dala 4 da karkatar 80, da jarin 2,000 haɗarinsa kusan kashi 8 ne, ninki huɗu na wanda ya fi shi sakin jiki. Duk wannan bisa sharaɗin cewa ba a taɓa jarin don cefane ko haya, kuma mutum mai ci ne da gaske, abin da amsar da ta gabata ta nuna wuyar tabbatarwa. Ga mai asara babu jarin da ya isa. Wanda ya fara cin bashi don ya zauna, ko yake ɓoye wa iyalinsa abin da ya rasa, ya bar maganar hawa da sauka ya shiga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa cikin cututtuka.

Yaya ake yi da ƙananan tagwaye da kati biyu masu alama ɗaya?

Tagwaye kamar 4-4 amfaninsu shi ne na uku ya fito a buɗin farko, abin da ke faruwa kusan kashi 12 cikin 100, sau ɗaya cikin takwas da rabi. Tunda ba duk lokacin da ya fito ake samun mai biya ba, ƙa'idar da aka saba ita ce kada a biya ƙari sai kai da mai ƙarin kowannenku yana da aƙalla ninki 15 na kuɗin: ƙarin dala 12 yana buƙatar dala 180 a gaban kowa. Idan na ukun bai fito ba, a janye ba tare da jayayya ba.

Alama ɗaya kuwa an fi ba ta girman da ba ta da shi. Kati biyu masu alama ɗaya suna cika haɗin kati biyar masu alama ɗaya zuwa ƙarshe kusan sau 6 ne kawai cikin 100. Wanda ke da huɗu bayan buɗin farko zai cika kusan kashi 35 idan ya ga sauran katunan biyu, amma idan kati ɗaya ya rage damar ba ta kai kashi 20 ba. Idan akwai dala 60 a tsakiya aka zuba 30, kana biyan 30 don tarin da zai zama 120, wato kana buƙatar kashi 25, kuma biyan ba ya da hujja sai idan kana da yaƙinin za a ƙara biyanka bayan ka cika.

Sun gane ni, ba sa biyana. In fara burga ne?

Da farko a tabbata haka ne, domin baƙi masu wucewa ba sa lura da wanda ya yi awa yana janyewa, kuma janyewar mutane sau uku a jere tana iya zama ba su da komai ne kawai. Idan 'yan kullum ne suka san ka, maganin farko shi ne ƙara buɗewa daga kujerun ƙarshe da sake zubi a buɗin farko idan abokin karawa ɗaya ne, ba tura komai da kati marar amfani ba. Burga, wato zuba kuɗi da kati marar ƙarfi don a sa wasu su janye, tana aiki a kan wanda ya iya janyewa, ba ta aiki a tarin mutum huɗu, kuma mafi yawan kuɗin da ake bari a waɗannan teburan ana barin su ne ta rashin neman biya da hannu mai kyau a kati na biyar.

Sanya iyakar asara a kowane zama yana da amfani?

Ta fuskar lissafi ba ya canza komai, domin kati bai san an tashi an dawo ba, kuma rabawar gobe ci gaban ta yau ce. Ta fuskar ɗan adam kuwa yana da amfani sosai. Mutum ƙalilan ne ke wasa daidai bayan sun rasa kuɗin zama biyu ko uku, kuma hasalar mai tsantseni tana da kamanni sananne: sai ya fara shiga da hannayen da ya yini yana zubarwa, wai don ya rama. Awa ɗaya ta irin wannan tana iya cinye ribar awa 30. Tashi da wuri don a kare ɗan abin da aka ci, tare da daɗewa idan ana asara, shi ne mafi munin tsari, tunda yana taƙaita awoyin da mutum ke cikin hayyacinsa ya tsawaita waɗanda ba ya ciki.

Akwai wasu hanyoyin rage girgizar ban da matse hannu?

Zama da kuɗi kaɗan, kamar dala 80 ko 100, yana rage abin da za a iya rasawa a karo ɗaya kuma yana sauƙaƙa shawara, amma yana rage abin da za a ci daga mai sakin hannu, yana hana ƙananan tagwaye cika sharaɗin ninki 15, kuma la'ada ta fi cizo a ƙananan tarin da yake samarwa. Wasu ɗakuna suna barin waɗanda suka tura komai su amince a buɗe ragowar katunan sau biyu, a raba tarin gida biyu. Wannan ba ya ƙara wa kowa riba ko ya rage, amma mai rinjayen kashi 82 damarsa ta rasa komai tana sauka daga kashi 18 zuwa kusan 3. Sai dai ɗakuna da yawa a manyan tebura kawai suke yarda da shi.

Ta ɗaya gefen, a lura da zubin ganin dama na dala 4 da wasu ke ajiyewa kafin a raba kati. Idan kowa yana yin sa, teburin 1 da 2 ya koma kamar na 2 da 4 ba tare da an canza allo ba: dala 200 da ke gabanka sun koma ninki 50 na babban zubi maimakon 100, kuɗin zagaye ya tashi daga dala 3 zuwa 7, kuma jarin da aka lissafa a sama sai an ninka shi.